Mai gini ɗaya da masu gini ɗari: abin da ke tsakanin mol da shagunan tsakiyar gari

Duk garin da aka buɗe wa katafaren rukunin kantuna na zamani a bayansa, irin wanda ake kira mol, labarin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Da farko masu shagunan tsakiyar gari su ce ɗokin sabon abu ne, zai wuce. Bayan shekara biyu ko uku a ga mai takalma ya sallami yaron shago ɗaya, mai agogo ya fara tashi da wuri. Kafin a ankara ƙofofi sun fara shan kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, an manna musu takardar neman ɗan haya. Bayanin da aka saba ji shi ne mai jari ya karya farashi, babba ya danne ƙarami. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai taɓo jijiyar maganar ba. Duk wanda ya taɓa kwatanta farashi ya san rigar mol ba ta cika fin ta shagon titi araha ba, sau da yawa ma ta fi ta tsada. Kuma akasarin ƙofofin da ke cikin mol ɗin ƙananan shaguna ne, masu biyan hayar da ta fi ta titi nesa ba kusa ba. To in ba araha ba, me ya kwashe mutane?

Abin da ake rububi a kansa shi ne ƙafar jama'a. Shago ba ya ciniki sai mutum ya gitta ta ƙofarsa, kuma galibin masu gittawar ba don shi suka fito ba. Wani ya zo gyaran tabarau ya hango jaka, wata ta zo sayen takalmin yara ta tsaya wajen mai littattafai. Kowane shago yana cin albarkacin maƙwabcinsa, shi ma ana cin tasa. A tsakiyar gari wannan albarkacin ba mai lissafa shi, ba mai biya, ba mai karɓa. A mol kuwa mutum ɗaya ne ya mallaki ginin duka, kuma sana'arsa ke nan: ya auna wa ke jawo ƙafa, wa ke cin moriyarta, ya tsara kuɗin haya a kan haka. Fahimtar wannan bambancin ita ce ke bayyana yadda mol ya yi galaba shekara hamsin, da kuma yadda a wasu wurare ya zo ya rushe cikin ƙanƙanin lokaci.

Asalin abin yana da ban mamaki, domin wanda ya ƙirƙiro shi masoyin tsakiyar gari ne. Victor Gruen mai zanen gine-gine ne, haifaffen Biyana, wanda ya tsere zuwa Amurka a 1938 lokacin da 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya. Ya ga unguwannin bayan gari na Amurka suna ta yaɗuwa ba dandali, ba wurin da mutum zai taka da ƙafa ya gamu da wani, sai ya ƙudurta gina musu irin tsakiyar birnin da ya baro. A watan Oktoba na 1956 aka buɗe Southdale a Edina, kusa da Minneapolis: gini mai hawa biyu a rufe ruf, shaguna 72, filin ajiye motoci sama da 5,000, da iska mai ɗumi daidai a jihar da hunturunta ke daskarar da tafkuna. A zanensa akwai gidaje da makarantu da wurin shan iska a kewaye. Ba a gina mafi yawansu yadda ya so ba. Kantunan aka gina, aka kwaikwaye su a faɗin ƙasar. A 1978, cikin wani jawabi a Landan, Gruen ya barranta kansa daga abin da tunaninsa ya haifa, ya ce ba zai ɗauki nauyin ciyar da waɗannan 'ya'yan ba. Ya rasu a Biyana a 1980.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka zuba kuɗin. Kamfanin Dayton, mai babban kanti a tsakiyar Minneapolis, shi ya sa aka gina Southdale. Kafin nan kamfanin Hudson na Detroit ne ya sa Gruen ya zana masa rukunin kantunan Northland a bayan birnin, aka buɗe shi a 1954. Wato ba wasu baƙi ne suka kawo wa tsakiyar gari hari ba, jiga-jigan kasuwarta ne suka bi kwastomominsu zuwa sababbin unguwanni, suka bar ƙananan shagunan da suka daɗe suna rayuwa a inuwarsu. Kantin Hudson na tsakiyar Detroit, wanda yake cikin mafiya girma a duniya a zamaninsa, an rufe shi a 1983, aka rushe ginin a 1998.

Yanzu a duba yadda mai mol ke shirya gidansa, don a nan dabarar take. Kafin ya aza bulo ɗaya sai ya nemo manyan kantuna biyu ko uku waɗanda sunansu kaɗai ya isa ya sa mutum ya kunna mota. Su ne jiga-jigai. Yana ba su wuri kusan kyauta, wani lokaci har da gudunmawar gini. Wani bincike da Eric Gould da Peter Pashigian da Canice Prendergast suka wallafa a 2005, bayan sun duba takardun hayar mol-mol na Amurka, ya nuna jiga-jigan sun mamaye fiye da kashi 58 cikin ɗari na wurin da ake bayarwa haya, amma kashi 10 kacal suke biya na kuɗin da mai ginin ke tarawa. Saura duk a wuyan ƙananan yake. Sai a ajiye jigo ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, ta yadda mai son zuwa wajen na biyu dole ya ratsa gaban shaguna arba'in. Matakalar lantarki mai hawa tana nan, mai sauka tana can nesa. Ba agogo a bango, ba taga mai nuna rana ta yi. Wurin cin abinci a saman bene, don yunwa ta hau da mutum.

A ɗauki mai sayar da takalma da ya karɓi ƙofa a irin wannan wuri. Takardar hayarsa ta faɗi ƙarfe nawa zai buɗe, ƙarfe nawa zai rufe, kuma in ya saɓa akwai tara. Ta faɗi irin kayan da zai sayar, da girman allon sunansa, da kasonsa na kuɗin shara da gadi da talla. Bayan hayar wata-wata, in cinikinsa ya haura wani adadi, mai ginin yana da kaso a cikin abin da ya ɗoru, don haka yana da ikon duba littafin cinikinsa. Da jin wannan za a ce an ɗaure mutum. Amma ga abin da ya samu: ba za a jera masa masu takalma goma a gefensa ba, maƙwabcinsa ba zai rufe da azahar ya bar layin da duhu ba, kuma mai ginin yana kwana yana tashi da tunanin yadda mutane za su ƙaru, tun da aljihunsa na ɗaure da cinikin kowa. Tsadar hayar kuɗin ƙafa ne, ba kuɗin bango huɗu ba.

Ɗan'uwansa da ke babban titin tsakiyar gari 'yantacce ne, kuma 'yancin nan ne ke cinsa. Titin mai ƙofa ɗari yana iya zama da masu gini tamanin. Wani magada ne da ba sa ga maciji da juna, wani kamfani ne a wani birni da bai taɓa ganin ginin ba, wani tsoho ne da ke zaune a saman shagon. Kowa abin da zai shigo masa a ƙarshen wata yake dubawa. In kantin da ya fi jawo mutane a titin ya ce haya ta yi masa yawa, mai gininsa ba shi da dalilin yi masa ragi, domin amfanin zamansa maƙwabta ne ke kwasa, ba shi ba. Sai kantin ya tashi, a ba wanda ya fi biya, ko da ofis ne mai labule a rufe wanda ba ya ƙara wa titin mutum ɗaya. Ƙofa uku a jere in suka mutu, mai tafiya yakan ɗauka kasuwar ta ƙare a nan, ya juya. Shagunan da ke gaba ba su yi laifin komai ba, amma cinikinsu ya ragu. Haka batun lokacin buɗewa: in rabin titin ya rufe ƙarfe biyar, wanda ya tsaya har takwas wutarsa kawai yake ƙonawa, domin ba mai fitowa saboda shago ɗaya. Kowa ya san da a ce duka za su tsaya da an yi ciniki, amma ba mai ikon tilasta kowa.

Har yanzu ba a ce komai a kan gwamnati ba, alhali hannunta na kan sikelin tun farko. A shekarar da aka buɗe Southdale ne shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin tarayya, mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 na kuɗin. Kowace mahaɗar hanya ta mayar da gonar da ba ta da wata daraja wurin kasuwa. Shekara biyu kafin nan, a 1954, majalisa ta sauya dokar haraji ta yadda mai sabon gini zai iya cire kaso mai tsoka na kuɗin ginin daga ribar da ake yanka wa haraji tun a shekarun farko, maimakon a rarraba shi daidai cikin shekara arba'in. Masanin tarihi Thomas Hanchett ya nuna a 1996 yadda wannan ya mayar da gina kantuna a fili mai arha hanyar kauce wa haraji, ko ana buƙatar kantunan ko ba a buƙata. Gyaran tsohon gini a cikin gari bai samu irin wannan gata ba. Ga kuma ƙananan hukumomin da ke rayuwa da harajin ciniki, kowace tana zawarcin mai mol da rangwame da hanya da ruwa, don kada ya tsallaka iyaka ya gina a maƙwabciyarta.

A Ingila an ga irin wannan ƙuru-ƙuru a Dudley. Bayan rufe masana'antar ƙarafa ta Round Oak a 1982, yankin na cikin wuraren da gwamnati ta yafe wa harajin gine-ginen kasuwanci na shekara goma don a samar da ayyukan yi. A nan aka gina Merry Hill tsakanin 1985 da 1990, tafiyar mintuna kaɗan daga tsakiyar Dudley. Marks & Spencer ya rufe kantinsa na cikin gari a 1990 ya koma can, sauran manyan ma suka bi sahu. A lokacin, mai shagon da ya rage a Dudley yana biyan cikakken haraji, abokin takararsa an yafe masa. Kwastomansa na biyan kuɗin ajiye mota, na can ba ya biya. Kiran wannan gasar kasuwa ta 'yanci son zuciya ne.

Maganar ajiye mota ta cancanci a ɗan tsaya. Filin mol ba kyauta ba ne, an narkar da kuɗinsa cikin haya, hayar kuma cikin farashin kaya, har wanda ya zo a bas yana biya bai sani ba. Masanin tsara birane Donald Shoup na jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya shafe rayuwarsa yana bayyana wannan. Amma mai mota abin da ya fita daga aljihunsa a take shi yake ji. Da yawa daga garuruwan da suka so su yi gogayya sai suka rushe tsofaffin gine-gine suka yi filayen ajiye motoci, suka wayi gari sun samu wurin ajiye mota, sun rasa abin da za a zo gani.

Duk da haka bai kamata a mayar da masu sayayya wawaye ba. Ba yaudararsu aka yi ba. Uwa mai tura keken jariri ta samu wuri mai inuwa, da bayan gida mai tsabta, da benci, ba tare da fargabar mota ba. Ma'aikacin da bai tashi aiki sai yamma ya samu ƙofa a buɗe. Wanda ya sayi kaya bai yi masa ba ya san za a karɓa a mayar masa da kuɗinsa ba tare da cacar baki ba. Masu begen tsohon titi sukan manta da mai shagon da ke ɗaure fuska in an taɓa kaya ba a saya ba, da wanda ke tsawwala farashi don ya san ba wani a garin. Ƙaramin shago yana da nasa makaman na gaske, wato sanin kwastoma da sunansa, da ɗaga ƙafa ga wanda kuɗinsa bai cika ba, da gyara abin da ya sayar, da kawo abin da mutum biyar kawai ke nema. Kuma ribarsa ta fi zama a garin, tun da akawunsa da kafintansa 'yan garin ne. Wannan gaskiya ne, ko da yake alƙaluman da masu fafutuka ke yaɗawa a kai sukan fi ƙarfin hujjarsu. Matsalar ita ce waɗannan makaman na riƙe wanda ya riga ya shigo ne, ba sa kawo mutum titin.

Magungunan da aka gwada su ma darasi ne. Na farko kwaikwayo: a hana motoci shiga babban titi, a dasa itatuwa, a sa benci, ya yi kama da mol. Kalamazoo ta jihar Michigan ce ta fara a Amurka a 1959, da shawarar kamfanin Gruen ɗin dai. Garuruwa wajen 200 suka bi. Mafi yawansu daga baya sun sake buɗe wa motoci, ita kanta Kalamazoo ta buɗe wani ɓangare na titinta a 1998. Sun kwaikwayi fuskar mol, sun bar ruhinsa, domin masu ginin na nan yadda suke, kowa tasa ta fishshe shi. Inda tsarin ya yi aiki, kamar titin Strøget na Kopenhagen da aka hana wa motoci tun 1962, akwai dubban mutane da ke zaune ko suke aiki a tazarar tafiyar ƙafa. Ƙafar tana nan tun asali, hanya kawai aka ba ta.

Na biyu doka. Faransa ta yi dokar Royer a 1973, shekara goma bayan Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a kudancin Paris. Ta ce duk kantin da ya kai murabba'in mita 1,000, ko 1,500 a manyan garuruwa, sai ya samu izinin wani kwamiti da 'yan kasuwar yankin ke da kujeru a ciki. A 1996 aka sauko da iyakar zuwa mita 300. Binciken Marianne Bertrand da Francis Kramarz na 2002 ya gano cewa inda aka fi tsaurara izinin, samar da ayyukan yi a harkar kantuna ya ragu, kuma manyan da suka riga suka shiga sun ƙara ƙarfi, tun da an tare musu ƙofa daga sababbin abokan takara. Ƙananan garuruwan Faransa kuwa ba su tsira ba. A 2018 sai da gwamnati ta ware Yuro biliyan 5 don farfaɗo da tsakiyar garuruwa 222.

Ingila ta bi wata hanyar a 1996: duk mai son gina babban kanti sai ya nuna ba wurin da ya dace a cikin gari kafin a ba shi bayan gari. Manufar kare ƙananan 'yan kasuwa ce. Abin da ya faru shi ne manyan kamfanonin kantuna irin su Tesco da Sainsbury's suka ƙanƙance, suka shigo titunan da kansu da ƙananan rassa, ƙofa da ƙofa da mai shagon da ake son karewa. Masaniyar tattalin arziki Raffaella Sadun ta bi diddigin alƙaluman ta gano cewa tsaurin ya cutar da masu zaman kansu maimakon ya taimake su. An gudu ba a tsira ba. Amma a yi wa dokar adalci, ta riƙe jama'a a tsakiyar gari. Wannan ya nuna tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa: ceton tsakiyar gari daban, ceton ƙaramin ɗan kasuwa daban, kuma maganin ɗaya kan iya zama gubar ɗayan.

Japan ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Dokarta ta 1973 ta ba ƙananan 'yan kasuwa damar jinkirta buɗe babban kanti na shekaru. Amurka ta matsa lamba a tattaunawar ciniki ta 1989 zuwa 1990, aka sassauta, kantin kayan wasan yara na Amurka Toys "R" Us ya shigo a 1991, aka soke dokar a 2000. Mol-mol na kamfanin Aeon suka bazu a gefen garuruwa, tsofaffin layukan kasuwa masu rumfa suka koma jerin ƙofofin ƙarfe a sauke. A 2006 gwamnati ta dawo ta taƙaita gina wuraren da suka wuce murabba'in mita 10,000 a bayan gari. Sai dai ƙofofin da yawa ba su sake ɗaguwa ba, kuma dalilin ba Aeon kaɗai ba ne. Masu shagunan sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi birane, su kuma suna zaune a saman shagon ko bayansa, ba sa son baƙo a ƙarƙashinsu, ba sa kuma cikin matsin da zai sa su ba da haya. Matashi mai jari da niyya yana iya tsayawa gaban ƙofa ashirin a rufe ya rasa wadda za a ba shi.

Shi ma mol ɗin ranarsa ta zo, kuma ta inda ƙarfinsa yake aka kama shi. Ƙaramin ɗan haya da ya yarda da tsadar haya saboda jigo ba wawa ba ne, yakan sa a rubuta cewa in jigon ya tashi, ko aka rasa wani kaso na maƙwabta, za a rage masa haya ko ya fita ba tara. Don haka fitar kanti ɗaya takan ja goma, goman su ja talatin. Amurka ta gina wuraren ciniki fiye da kima, abin da ke kan kowane mutum ya ninka na ƙasashen Turai sau da dama, kuma kafin intanet ta yi ƙarfi sabon mol ne ke kashe tsoho, sannan kantunan araha irin su Walmart, wanda ya fara a Arkansas a 1962, suna yagar kasuwar duka biyun. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: sayayya ta intanet ta zo, Sears ya durƙushe a 2018, J.C. Penney ya bi a 2020, kuma waɗannan su ne jiga-jigan ɗaruruwan mol. Randall Park da ke kusa da Cleveland, wanda aka buɗe a 1976 ana alfahari da girmansa, an rufe shi a 2009, yanzu rumbun kayan Amazon ne a filin. Ba duka ne suka mutu ba, a kula. Manyan da ke unguwannin masu hali suna cike, kuma a Dubai ko Manila ko Jakarta, inda zafi da cunkoso ke korar mutum daga titi, mol ne dandalin gari. Na tsaka-tsaki ne suka sha kashi.

A nan tsohon titi ya nuna wata baiwa da ba a lura da ita ba lokacin da ake cinsa da yaƙi. Ƙofa mai faɗin mita biyar tana iya zama shagon takalma bana, wurin aski baɗi, ɗakin shan magani bayan shekara biyar, kuma kowane sauyi kuɗinsa kaɗan ne. Masu gini ɗari ba sa karyewa rana ɗaya. Ginin da aka zana don abu ɗaya tak, ba taga, kewaye da kwalta, bashin banki ɗaya a kansa, in ya faɗi gaba ɗaya yake faɗuwa, kuma hukumar da ta yafe masa haraji ita ake bari da kangon. Rarrabuwar da ta hana titi haɗa kai ita ce kuma ta hana shi mutuwa farat ɗaya.

Garuruwan da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka aro wani abu na ikon mai gini ɗaya ba tare da sun sayar da titin ga mutum ɗaya ba. A 1970 'yan kasuwar Bloor West Village a Toronto, da suka ga sababbin mol da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun janye musu mutane, sun gaji da karo-karon da wasu ke biya wasu na zillewa. Suka nemi doka da za ta sa in mafi rinjaye sun yarda, a ɗora wa kowane ɗan kasuwa a titin wani ƙarin haraji, kuɗin kuma su dawo hannun kwamitinsu don fitilu da shara da talla. Wannan tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A Amurka kuma shirin Main Street, wanda ƙungiyar adana gine-ginen tarihi ta ƙasar ta faɗaɗa a 1980, ya dage a kan a ɗauki mutum ɗaya aikinsa kawai kula da titin, kamar yadda mol ke da manaja. Sun taimaka, amma iyakarsu a fili take. Kwamiti na iya share titi ya rataya fitilu, ba ya iya cewa a rage wa kantin littattafai haya don yana jawo mutane, ba ya kuma iya buɗe ƙofar da mai ita ya ga dama ya bar ta a rufe.

Me zai sa mutum ya bar shagonsa fanko shekara uku maimakon ya rage haya? Sau da yawa lissafi ne, ba taurin kai ba. Darajar gini a takarda daga hayarsa ake fitar da ita. In ya karɓi rabin abin da ake biya a da, ya tabbatar wa banki cewa ginin da ya jinginar ya faɗi, kuma sauran 'yan hayarsa za su zo neman irin wannan ragin. In ya bar shi a rufe, tsohuwar hayar tana nan a rubuce kamar ba abin da ya faru. Asarar duhun ƙofar kuwa maƙwabta ke ɗauka. A ganina wannan shi ne wurin da dokoki suka daɗe suna kewayewa, suna faɗa da mai gini a bayan gari alhali mai riƙe da mukulli yana cikin gari. Ingila ta taɓa shi kai tsaye a dokarta ta 2023, wadda wannan sashen nata ya fara aiki a Disamba 2024: shagon babban titi da ya yi fiye da shekara a rufe cikin shekara biyu, ƙaramar hukuma na iya ba mai shi wa'adi, in bai sa ɗan haya ba ta yi gwanjon hayar da kanta, na tsawon da bai wuce shekara biyar ba. Kuɗin hayar na mai ginin ne, mallakarsa ba ta taɓu ba, ikon barin ƙofar a rufe kawai aka karɓe. Masu gine-gine sun yi ƙorafin shiga haƙƙin mallaka, ƙananan hukumomi kuma na kukan rashin ma'aikata da kuɗin gyaran shagunan da suka lalace kafin a iya sa kowa a ciki.